Awon Abin da Ido Ba Ya Gani: Tarihin Lissafin Gas a Tukunyar Mai Walda

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Dichemso, ta ratsa Krofrom, ta nufi Suame a birnin Kumasi, ba zai rasa ganin masu walda a bakin titi ba. A gaban rumfa akan ga doguwar tukunyar oksijin a tsaye. Kusa da ita kuma, a wurin masu yawa, akwai wata gajeriyar tukunya ta ƙarfe wadda aka ƙera a nan cikin gari. Da safe yaron shago yakan zuba ruwa a cikinta, ya fasa wani dutse mai launin toka, ya sa a ciki, ya rufe. Sunan dutsen nan kabayid. Da zarar ya taɓa ruwa sai ya kama kumfa yana zafi, wani gas mai wari kamar tafarnuwa ya tashi, ya bi tiyo zuwa bakin bututun walda. Da gas ɗin nan ake narka ƙarfe, a liƙe salansar da ta huje, a gyara jikin motar da ta yi karo.

Ga tambaya mai sauƙi: dunƙulen kabayid ɗaya, gas nawa zai bayar? Maigidan shago zai ce hannunsa ya sani, gama ya yi shekaru yana aikin. Gaskiyarsa ce. Amma tambayar tana da amsa ta ƙidaya, wadda ba ta sakewa ko a Kumasi, ko a Kano, ko a birnin Faris. Masana sun yi fiye da shekara 50 suna gardama kafin su yarda da hanyar samun amsar nan. Labarin ya isa a sani, domin tukunyar da aka cika wa kabayid fiye da kima ba ta yin gargaɗi kafin ta fashe, wanda ke tsaye kusa da ita kuwa galibi yaro ne mai koyon sana'a.

Ƙwaryar goro

Kafin a shiga labarin masanan, ya kamata a tuna da wata dabara da Zongon Kumasi ya daɗe da saninta. Goro ne ya fara jawo Hausawa zuwa wannan ƙasa. Fatake sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakunansu, su yi watanni a hanya kafin su iso kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, inda goron kurmin Ashanti ke jiransu. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Ashanti a kan arewa ya raunana. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, 'yan kasuwarta suka bazu garuruwa. Bayan yaƙin 1900 Turawa suka riƙe Kumasi sosai, jirgin ƙasa ya iso a 1903, Zongo kuwa ya yi ta cika da baƙi.

Mai goro ba ya tsayawa ƙirga ɗaya, biyu, uku har dubu goma sa'ad da ake ciniki. Yana da ƙwarya, wato goro 100. Ƙwaryar manyan goro ta fi ta ƙanana nauyi, amma ƙidayarsu ɗaya ce. Wanda ya san nauyin ƙwarya guda ta wani irin goro, in aka aza masa kaya a sikeli, yana iya faɗin kimanin ƙwarya nawa ke ciki ba tare da ya kwance ba. Ya yi ƙidaya ke nan ta hanyar awo. Mai karatu ya riƙe wannan misali, gama za a komo kansa.

Daga baya mota ta karɓi aikin jaki. Mota kuwa tana bukatar mai gyara. A shekarun 1930 masu gyaran mota da maƙera suka taru kusa da tsohon ɗakin ajiyar makaman soja a Kumasi, wanda ake kira Magazin. Da aka matsar da su zuwa Suame sai sunan ya bi su. Yau Suame Magazin yana cikin manyan wuraren gyaran mota na Afirka ta Yamma, dubban mutane ne ke cin abinci a can, har da 'ya'yan Zongo. Tukunyar kabayid tana cikin kayan aikinsu. Lissafin da ke mulkinta kuwa ya girme ta ƙwarai, a Faransa aka fara gano shi.

Mudu biyu da mudu ɗaya

Gas yana da wuyar awo. Hatsi in an zuba shi a mudu yakan zauna, gas kuwa yakan cika duk wurin da aka ba shi. In ya ji zafi sai ya buɗe, in aka matsa shi sai ya takure. Tun a 1662 Robert Boyle ya nuna a Ingila cewa in aka riɓa matsi sau biyu, wurin da gas ya cika yakan ragu zuwa rabi. Saboda haka ba a gwada mudun wani gas da na wani sai zafinsu da matsinsu sun zama daidai.

Joseph Louis Gay-Lussac Bafaranshe ne, an haife shi a 1778. Mutum ne marar tsoro. A 1804 ya hau balan-balan shi kaɗai, ya tashi har kimanin mita 7,000, domin ya ɗebo iskar sama ya gwada ta da ta ƙasa. A shekara ta gaba shi da Alexander von Humboldt suka auna gas biyu da ke haɗuwa su zama ruwa, wato haidirojin da oksijin. Suka tarar kullum mudu 2 na haidirojin ke cin mudu 1 na oksijin. In aka ƙara wani a kan wannan, rarar takan zauna ba ta ƙone ba.

Gay-Lussac ya bi sauran gas ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 1808 ya bayyana wa 'yan'uwansa masana a Faris abin da ya gani: gas yana haɗuwa da gas bisa ga ƙananan lambobi cikakku, 1 da 1, 2 da 1, 3 da 1. Mudu 1 na naitirojin da mudu 3 na haidirojin suna ba da mudu 2 na amoniya. A kan wannan ƙidaya ta 1 da 3 aka gina masana'antar amoniya ta Haber da Bosch a Jamus a 1913, daga amoniya kuma ake yin takin zamani irin na yuriya da manoma ke zubawa a gonar masara.

Amma Gay-Lussac ya ga abin ne kawai, bai faɗi dalilinsa ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Gardamar zarra

A shekarar nan ta 1808 wani malamin lissafi a Manchester, John Dalton, ya buga koyarwarsa cewa kowane abu an gina shi da 'yan ƙananan ƙwayoyi da ba a iya tsagawa, wato zarra. Da ya ji labarin awon Faransa sai ya ƙi yarda. Dalilinsa kuwa ba na wauta ba ne.

A ce kowane mudu na gas yana ɗauke da ƙwayoyi 100. Mudu 2 na haidirojin ƙwayoyi 200 ke nan, mudu 1 na oksijin kuma 100. To, awo ya nuna tururin ruwan da suke bayarwa mudu 2 ne, wato ƙwayoyi 200, kowace ƙwayar tururi kuwa dole ta sami oksijin a cikinta. Ta yaya 100 za su isa wa 200 in ba a tsaga su ba? Zarra kuwa ba ta tsaguwa. Sai Dalton ya ce awon ne bai yi daidai ba.

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. Amedeo Avogadro mutumin Turin ne a arewacin Italiya, an haife shi a 1776. Aikin shari'a ya fara koya, daga bisani ya bar shi ya zama malamin lissafi da kimiyya a garin Vercelli. A 1811 ya rubuta abu biyu. Na fari, mudu ɗaya na kowane irin gas, in zafi da matsi daidai suke, yana ɗauke da ƙwayoyi masu yawa ɗaya. Na biyu, ƙwayoyin nan ba zarra ɗai-ɗai ba ne, ƙulli ne na zarra, kamar yadda mai daddawa ke ƙulla ta a kasuwa. Oksijin yana tafiya ne biyu-biyu kamar tagwaye, haidirojin ma haka.

Da wannan sai kullin gardamar ya warware. Ƙulli 100 na oksijin zarra 200 ne. Ƙulli 200 na haidirojin zarra 400 ne. In aka kwance su aka sake ƙullawa, kowane ƙullin ruwa zai sami haidirojin 2 da oksijin 1, a sami ƙulli 200 cif. Ba a tsaga zarra ko ɗaya ba, ƙulli kaɗai aka kwance.

Akwai kuma wata riba. Tun da ƙidayar ƙulli ɗaya ce a kowane mudu, wanda ya aza mudun oksijin da mudun haidirojin a sikeli ya gwada nauyin ƙullinsu ke nan. Mudun oksijin ya fi na haidirojin nauyi sau 16. Ashe ƙullinsa ma haka. Ta wurin awon gas mutum ya sami hanyar auna abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Duk da haka ba a saurare shi ba. André-Marie Ampère ya faɗi kusan abu ɗaya a 1814, shi ma aka share. Babban masanin zamanin, Berzelius na Suwidin, yana koyar da cewa zarra biyu iri ɗaya ture juna suke yi, ba za su ƙullu ba. Avogadro kuwa mutum ne mai zaman gida, nesa da manyan makarantun Faris da na Jamus. Ya rasu a 1856, maganarsa tana kwance a takarda.

Taron Karlsruhe

Rashin sani ya fi dare duhu. A tsakiyar ƙarnin nan masana sinadari suka zama kamar kasuwar da kowane ɗan kasuwa ya zo da nasa mudu. Wani ya ce nauyin oksijin 8 ne, wani ya ce 16. August Kekulé ya jera hanyoyi 19 da ake rubuta sinadari ɗaya tak, wato tsamin da ke cikin binega. Domin a kawo ƙarshen ruɗun, aka kira taro a Karlsruhe ta ƙasar Jamus a watan Satumba 1860. Masana wajen 140 suka hallara daga ƙasashe dabam-dabam.

Suka yi kwana 3 ba su daidaita ba. Amma a cikinsu akwai Stanislao Cannizzaro, mutumin Palermo, wanda ke koyarwa a Genoa. Tun a 1858 ya rubuta ɗan littafi yana nuna yadda yake koya wa ɗalibansa bisa ga hanyar Avogadro. Ya yi magana a taron, da aka tashi kuma aka rarraba ɗan littafin nasa. Lothar Meyer ya karanta shi a hanyar komawa gida, ya gamsu. Dmitri Mendeleev na Rasha ma yana wurin, da gyararrun lambobin nan kuma ya tsara jadawalin sinadarai a 1869. Shekara 4 ke nan bayan rasuwar Avogadro aka fara ba shi gaskiyarsa.

Ƙwaryar masana

Yanzu a komo ga ƙwaryar goro. Ƙulli ƙarami ne ƙwarai, ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Saboda haka masana suka yi tasu ƙwarya, suka kira ta mol. Wilhelm Ostwald na Jamus ne ya fara amfani da sunan a shekarun 1890. Mol ɗaya na haidirojin giram 2 ne, na ruwa giram 18, na oksijin giram 32. Nauyi ya bambanta kamar na manyan goro da ƙanana, ƙidaya kuwa ɗaya ce. A 1909 Jean Perrin ya raɗa wa ƙidayar nan sunan Avogadro. A 1971 aka shigar da mol cikin ma'aunan da duniya ta yarda da su, a 2019 kuma aka tsayar da lambarsa daram. Kimaninta shi ne 602 da sifili 21 a bayansa. Yawan ƙullin da ke cikin babban cokali ɗaya na ruwa da ɗan ƙari ke nan.

Ga inda maganar Avogadro ta zama kayan aiki. Tun da mol ɗaya ƙidaya ɗaya ce, wurin da zai cika ma ɗaya ne, ko wane irin gas ne. A sanyin da ruwa ke daskarewa, wato digiri 0, da matsin iska na bakin teku, mol ɗaya yana cika lita 22.4. Wannan ita ce lambar da ɗaliban sakandare ke haddacewa domin jarrabawar WAEC. A zafin rana irin na Kumasi, wajen digiri 30, gas yakan buɗe ya kai kusan lita 25. Wato mol ɗaya na gas kimanin cikin jarka ɗaya ce mai lita 25, irin wadda ake ɗiban ruwa da ita.

Yadda dutse ya zama wuta

Gas ɗin da ke fita daga tukunyar mai walda sunansa asitilin. Edmund Davy ya fara cin karo da shi a 1836. Marcellin Berthelot ya ba shi suna a 1860. A 1862 Friedrich Wöhler ya yi kabayid kaɗan a ɗakin gwaji, ya ga yana ba da gas ɗin nan in ya taɓa ruwa. Amma abin ya tsaya a ɗakin gwaji har 1892, sa'ad da Thomas Willson, mutumin Kanada, yake neman wani abu dabam a tanderun lantarki a garin Spray na Karolina ta Arewa a Amurka. Ya haɗa farar ƙasa da gawayi, ya sami wani baƙin dunƙule, da aka jefa shi a ruwa sai ya ba da gas mai cin wuta. A shekarar nan kuma Henri Moissan ya yi irinsa a Faris. Har yau haka ake yin kabayid: farar ƙasa da gawayin kwal a zafi wajen digiri 2,000.

Da fari haske aka nema da shi. Aka yi fitilar kabayid ta keke, da ta motocin farko, da ta masu haƙar ma'adinai. Maharban kurmin Afirka ta Yamma sun daɗe suna ɗaura ta a goshi don farautar dare, kafin tocila mai batir ta karɓe wurin. A 1895 Henry Le Chatelier ya nuna cewa in aka ƙona asitilin da tsantsar oksijin, harshen wutar yana wuce digiri 3,000. Ƙarfe kuwa yana narkewa a wajen digiri 1,500. Kafin 1903 ta ƙare Edmond Fouché da Charles Picard sun ƙera bututun walda mai aiki a Faransa. Jikansa ne ke hannun mai walda na Suame.

Amsar tambayar

To, dunƙulen kabayid gas nawa zai bayar? Ƙulli 1 na kabayid yana cin ƙulli 2 na ruwa, ya ba da ƙulli 1 na asitilin da 1 na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, wato farin dagwalon nan da ake zubarwa a bayan shago. Abin da ya tabbata ga ƙulli ya tabbata ga mol. Mol 1 na kabayid giram 64 ne. Mol 2 na ruwa giram 36. Jimla 100. Abin da ke fita kuwa asitilin giram 26 ne da farar ƙasa giram 74. Jimla 100. Ba abin da ya ɓata, ba abin da ya ƙaru.

Hanyar lissafin mataki 3 ce. A mai da nauyi mol, a bi rabon da ke tsakanin abin da aka sa da abin da zai fita, sa'an nan a mai da mol lita. Kilo 1 giram 1,000 ne. In aka raba da 64 za a sami mol 15.6. Rabon kabayid da asitilin 1 da 1 ne, saboda haka asitilin ma mol 15.6. In aka riɓa da 22.4 za a sami kusan lita 350. Wannan na tsantsar kabayid ne. Na kasuwa yana da gauraye, wajen kashi 80 cikin 100 ne na ainihi, don haka a zafin rana kilo 1 yakan ba da kimanin lita 300. Duro ɗaya da rabi ke nan na mai lita 200, daga dutsen da bai cika tafi biyu ba. Kabayid ɗin da ya sha laima ya zama farin gari kuwa ya riga ya ba da gas ɗinsa ga iska. Wanda ya saye shi a sikeli farar ƙasa ya saya da kuɗin kabayid.

Lissafin ya ce ruwan da kilo 1 ke ci bai wuce rabin lita da ɗan ƙari ba. Amma ba a tsayawa a nan, gama haɗuwar tana fid da zafi mai yawa, wanda ya isa ya kai ruwa wajen lita 6 ga tafasa. Shi ya sa ake bukatar ruwa mai yawa a tukunya, domin ya shanye zafin.

Yanzu a ɗauki giram 200 na kabayid ɗin kasuwa, abin da yaro zai iya damƙa a hannu ɗaya. Na ainihi a ciki giram 160 ne, wato mol 2.5, wato lita 62 a zafin rana. A ce filin da ya rage a saman ruwa a cikin tukunya lita 10 ne, an kuma rufe famfon an tafi cin abinci. Bisa ga awon Boyle, lita 62 a cikin wurin lita 10 matsi ne fiye da sau 6 na iskar waje. Asitilin kuwa yana da mugun hali: in matsinsa ya wuce kimanin sau 2 na iskar waje, yana iya tarwatsewa da kansa, ko da babu iska a cikin tukunyar, in dai ya sami zafi ko bugu. Saboda haka tukunya mai kyau ake gina ta yadda gas in ya taru zai ture ruwa daga jikin kabayid, a sa mata kuma mafitar rara da tarkon ruwa mai hana wuta komawa baya ta tiyo.

Harshen wuta

Ƙonewar ma tana da nata rabo. Mudu 2 na asitilin suna cin mudu 5 na oksijin, su ba da mudu 4 na kabon dayoksaid, wato gas ɗin da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, tare da tururin ruwa. Da yake 2 sun ba da 4, an san kowane ƙullin asitilin yana da zarra 2 na kabon. Lita 300 da kilo 1 ke bayarwa suna bukatar oksijin lita 750. Oksijin kuwa kashi 21 ne kawai cikin 100 na iskar da ake shaƙa, saboda haka kowace lita ta asitilin tana bukatar iska wajen lita 12.

Mai walda ba ya ba da oksijin ɗin nan duka daga tukunya. A bakin bututu kusan 1 da 1 yake haɗawa. Wannan ne ke yin ɗan farin harshen nan na ciki mai tsananin zafi, inda asitilin ke zama kabon monoksaid da haidirojin. Ragowar mudu ɗaya da rabi harshen waje ne ke zuƙo shi daga iskar wurin. In wurin a rufe yake, iskar takan ƙare, kabon monoksaid ya taru, shi ne kuwa dafin nan marar wari da ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a ɗaki.

Ƙwararren mai walda yana karanta rabon nan da ido. In asitilin ya yi yawa, farin harshen yakan yi jela, wuta ta yi baƙin hayaƙi. In oksijin ya yi yawa, harshen yakan gajarta yana huci, ya ƙone ƙarfen. In suka daidaita sai harshen ya tsaya sak. Mutumin nan bai taɓa jin sunan Gay-Lussac ba, amma abin da yatsunsa ke nema a jikin famfon shi ne abin da Bafaranshen ya auna.

Abin da aka biya

Ba a sami sanin nan kyauta ba. A shekarun farko an yi ƙoƙarin matsa asitilin a tukunya kamar sauran gas, tukwane suka fashe, mutane suka mutu. Daga baya Georges Claude da Albert Hess suka gano cewa ruwan asiton yana shanye shi, har lita 25 a lita 1 ba tare da matsi ba. Wannan ce hanyar da ake cika tukunyar asitilin ta kamfani. Gustaf Dalén na Suwidin, wanda ya kyautata wannan hanya ya kuma haskaka fitilun bakin teku da ita, ya makance a 1912 sa'ad da wata tukunya ta fashe a wurin gwaji. A shekarar nan aka ba shi kyautar Nobel.

Haɗarin bai tsaya a tukunya ba. Asitilin yana kama wuta in ya kai kashi 2 da rabi cikin 100 na iskar ɗaki, har zuwa fiye da kashi 80. Shago mai faɗin mita 3, tsawo mita 3, tsayi mita 2 da rabi yana ɗauke da iska lita 22,500. Kashi 2 da rabi na wannan lita 560 ne da ɗoriya. Kilo 2 na kabayid sun isa. In rufin kwano ya yi yoyo da dare a kan gwangwanin da ba a rufe ba, wanda ya buɗe shagon da safe da taba a baki bai san abin da ke jiransa ba.

Lissafin nan ɗaya ya shiga ɗakin girki ma. Tun wajen 1990 gwamnatin Gana ke ƙarfafa mutane su koma girki da gas domin a rage saran itace. Butan, wanda ke cikin gas ɗin girki, mol ɗinsa giram 58 ne, na iska kuwa 29, na asitilin 26. Bisa ga maganar Avogadro, mudun butan ya fi mudun iska nauyi sau 2. Saboda haka asitilin yakan yi sama a hankali, gas ɗin girki kuwa yakan kwanta a ƙasa kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya nemi kwata. Kilo 1 nasa lita 400 ne da ɗoriya, wanda ya isa ya mai da ɗaki irin wancan abin fashewa, a daɓe kuwa yakan kai haddin tun kafin haka. Wanda ya ji warinsa ya buɗe ƙofa, kada ya tsaya ga tagar sama kaɗai, kada kuma ya taɓa makunnin lantarki. A ranar 7 ga Oktoba 2017 gas ya fashe a wani gidan sayar da shi a Atomic Junction a Akra, mutum 7 suka rasu, fiye da 100 suka ji rauni.

Gida ɗaya, sani biyu

A gidaje da yawa na Dichemso da sauran unguwannin Kumasi akan sami yara biyu a tsakar gida ɗaya. Ɗaya tana zuwa sakandare, ta haddace 22.4, tana ganin lamba ce ta cin jarrabawa kawai. Ɗaya yana zuwa shago, ya san warin kabayid da launin wuta, yana ganin lissafi na 'yan boko ne. Kowannensu rabin abu ɗaya yake riƙe da shi. In ƙanwa ta zauna da wanta da fensir, ta tambaye shi kabayid nawa yake sawa, tukunyar kuma lita nawa ce, a cikin minti 5 za su san ko yana aiki ne cikin kima ko a bakin kabari.

Uban da zai kai ɗansa koyon walda ma yana da abin tambaya kafin ya miƙa goron sallama. A ina ake ajiye kabayid, a rufe yake kuwa, nesa da ruwa? Tukunyar tana da mafitar rara da tarkon ruwa? Wa ke auna abin da ake sawa a ciki, maigida ko ƙaramin yaro? Maigidan kirki ba zai ji haushin tambayoyin nan ba, gama shi ma a gefen tukunyar yake wuni. Rigakafi ya fi magani. Daga awon Gay-Lussac na 1808 zuwa taron 1860 shekara 52 aka yi kafin a yarda cewa gas yana da ƙidaya. Yaron shago ba ya bukatar shekara 52. Ya ishe shi ya san cewa giram 64 na dutsen nan jarka ɗaya ce ta gas, gas ɗin kuwa dole ya sami wurin zuwa.